Rage lamba a na'urar gano gas ba ya wadatarwa

Ƙaramin kamfani gare ni, aikinmu kafa na'urorin gano gas mai guba da kula da su a masana'antu, ɗakunan sanyi da wuraren tace ruwan datti. Kafawa ba ta da wuya. Inda gumi yake shi ne tabbatar da cewa na'urar za ta yi kuka ranar da ake buƙatarta.

Ƙa'idojin sana'ar ba sa zama wuri ɗaya. A 2010 ƙungiyar ACGIH ta Amurka, ta masana kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sauya shawararta kan H2S, gas ɗin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai: iyakar abin da ma'aikaci zai shaƙa cikin awa takwas ya sauko daga ppm 10 zuwa 1, na minti 15 kuma daga 15 zuwa 5. Ppm ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na iska. A 2019 aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 62990-1 kan ingancin na'urorin kansu, kashi na biyu ya biyo baya a 2021 kan zaɓarsu da kafa su da kula da su.

Da mai masana'anta ya ji wannan sai ya ce mu shiga saiti mu rage lambar da idan gas ya kai ta ƙararrawa ke tashi, shi ke nan. A nan muke samun saɓani. Tsohuwar na'urar da ke ƙirga ɗaya, biyu, uku har zuwa ɗari ba ta iya bambance rabin ppm da ppm guda, ga zafi da laima suna ɗan motsa karatunta. Ka saita ta a ƙasa sosai, sai ta riƙa ihu babu dalili, ma'aikata su gaji. Na taɓa tarar da ƙararrawa an toshe bakinta da tsumma, an naɗe da salatif. Ban ga laifinsu ba, amma hankalina ya tashi, domin H2S idan ya kai wajen ppm 100 yana kashe jin wari, mutum ya ɗauka iska ta gyaru alhali a lokacin ne haɗarin ya ƙaru.

Sensa, wato ɓangaren da ke shinshino gas ɗin, sinadari ne a cikinta, yawanci shekara biyu zuwa uku ƙarfinta ya ƙare. Abin tsoron shi ne matacciyar sensa tana iya nuna sifili, daidai da mai lafiya a iska mai tsabta. Shi ya sa muke yawo da 'yar silinda: a kafa tiyo, a busa gas wanda aka san adadinsa, a zuba ido a ga lamba ta hau, fitila ta kama, ƙara ta tashi. Na'urar da ma'aikaci ke maƙalawa a riga, kullum kafin a fara aiki ake yi mata haka. Ita ma silindar tana da ranar ƙarewa, abin da mutane da yawa ba sa dubawa.

Sai wurin kafawa. H2S da kulorin sun fi iska nauyi, ramuka da kwalbati suke kwanciya, amoniya kuma sama take yi. Sensar kabon monoksaid takan ɗauki haidirojin da batura ke fitarwa wajen caji, ta buga ƙararrawar ƙarya. Saboda haka kafin in ba da farashi sai na zaga wurin da ƙafata, na tambayi masu shiga ramin da kansu. Kuɗin gwaji da canjin sensa a cikin kwangila nake sa su tun farko, wanda ya ce a cire su kuma nakan ba shi haƙuri ya nemi wani.