Koyar da gyaran jiki da waya: me bidiyo zai iya, me ba zai iya ba

Malamar da ke da 'yan koyo goma sha biyar a shago ɗaya a Tudun Wada ko Sabon Gari a Zariya ta san matsalar: tana zanen lalle a hannun mutum ɗaya, uku ne kawai ke ganin bakin ledar, sauran ƙeyar juna suke kallo. Nan ne waya ke da amfani, muddin an ɗauki bidiyon yadda ya kamata.

A kafa wayar a mariƙi, tana kallon hannun daga sama, tazarar kamar santimita 40. A zauna kusa da taga da hantsi, kada a kunna fitilar waya, domin ɗanyen lalle yana ƙyalli, sai siraran layukan su ɓace. Kowane bidiyo ya tsaya kan abu ɗaya, kada ya wuce minti 3: naɗe leda yau, jan layi gobe, cike fure jibi. Dogon bidiyo data yake ci, kuma ba mai kallonsa har ƙarshe. In za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, saboda hanyar da aka saba tana matse hoton har zanen ya dushe. In ya yi nauyi, a ɗora a YouTube a zaɓi tsarin da sai mai adireshin zai gani.

Zaure biyu ake buɗewa a WhatsApp. Na farko malama kaɗai ke turawa. Na biyu na tambaya da aikin gida. In aka haɗa su, darasi nutsewa yake a cikin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa.

Abin da ya fi bidiyon malama amfani shi ne na ɗaliba. Ta ɗauki hannunta tana aiki, ba hoton aikin da ta gama ba. A nan ake gane mai riƙe leda can sama, shi ya sa layinta ke rawa, da wadda kwaɓinta ya yi ruwa har zanen ke bajewa. Gyara kuwa da saƙon murya, a faɗi daƙiƙar da kuskuren yake.

Ɓangaren karatu ya dace da Google Forms, manhajar tsara tambayoyi a intanet, wadda ke iya yin maki da kanta. Tambaya goma a mako ta isa, kuma tana taimakon masu shirin jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa. A tambayi dalilin gwajin fata awa 48 kafin rinin gashi. A tambayi haɗarin sinadarin PPD da ake samu a baƙin lalle, mai iya sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa. A sa hoton mazubin man shafawa, a ce su nemo lambar NAFDAC da ranar lalacewa, su kuma duba ko akwai hydroquinone, sinadarin sa fata haske, a ciki.

Halawar cire gashi kuwa ba a gama koyonta a waya. Bidiyo zai ba da awo: kofi 2 na sukari, kwatan kofi na ruwan lemun tsami, kwatan kofi na ruwa, wuta kaɗan har ya yi launin zuma. Amma kowace waya da yadda take nuna launi, kuma ba ta nuna zafi ko danƙo. Halawar da ba ta dahu ba takan narke ta manne a fata. Wadda ta zarce takan daskare ta riƙa karyewa, musamman da hunturu. Dole ɗaliba ta ɗiga a ruwan sanyi ta murza da yatsa, ta gwada zafin a wuyan hannunta, malama na tsaye. Haka man miƙar da gashi: kada wadda ta gani a bidiyo kawai ta shafa wa kowa, domin in ya daɗe a kai yana ƙona fatar kai.

Sai batun sirri, wanda a Zariya ba abin wasa ba ne. Amarya ta zo dilka, ba ta zo a yaɗa jikinta ba. A nemi izini kafin a ɗauka, a tsaya kan hannu ko ƙafa, a cire zobe da duk abin da za a gane ta da shi. Kada a dogara da saƙon kallo-sau-ɗaya, domin wata wayar na iya ɗaukar hoton allon.