Fitar da katako daga gungumen maɗaci da injin sarƙa

Yawancin itacen da nake yanka maɗaci ne da kawo da melaina, da inji Stihl 070 mai harshen inci 36, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa. Abin da aikin ya koya mini shi ne kyawun ƙofa ko tebur tun a daji ake yanke shi, a wurin wasa sarƙa da jan layi da shanya. Falankin da ya zo wa kafinta a murɗe, komai gwanintarsa sai dai ya rage ɓarna.

Kafin inji ya taɓa itace ina karɓar takardar izini daga jami'an gandun daji, ko da iska ce ta kayar da shi a gonar mai shi. Madobiya kuwa ba na zuwa kusa da ita. An yi mata mummunar sara a Taraba don fitarwa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai ta taƙaita cinikinsu daga 2017.

Sarƙar da ke zuwa da inji an wasa ta ne don yankan gicciye, kusurwar haƙoranta wajen digiri 30. Idan aka bi tsawon itace da ita a haka sai ta riƙa fizga, ta bar fuskar falanki da kunya-kunya. Ina mayar da kusurwar zuwa digiri 10 da magagari mai kauri milimita 5.5, wanda shi ne daidai da babbar sarƙar wannan inji. Yawan gugar da na yi wa haƙorin dama shi nake yi wa na hagu, domin da zarar gefe ɗaya ya fi kaifi ko tsawo, yanka zai karkata can, kuma ƙarfin hannu ba ya dawo da shi. Wasu na goge ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori ƙasa sosai wai don inji ya ƙara ci. Yana ci kam, amma yana shaƙewa, yana kuma harbin mai shi. Ratar da ke tsakanin tudun da bakin haƙori kada ta wuce milimita 0.8. Ina sake wasawa duk lokacin da na cika tanki, ina kuma ɓare ɓawon da ke kan layi tukuna, saboda yashin da ke cikinsa ne ke dakushe sarƙa.

Fetur ina haɗa shi da man inji mai bugu biyu, mililita 20 a lita ɗaya idan na kamfanin ne, mililita 40 idan na kasuwa ne. Tsaga gungume ya fi sara wahalar da inji, don yana daɗewa a cikakken gudu, shi ya sa ƙarancin mai ke ƙone fistin. Baƙin man mota da ake zuba wa sarƙa don arha yana cinye famfon mai da harshe, kuma yana shiga jikin katako ya hana gam da fenti kamawa.

Gungumen ina yanke shi ƙafa 12 da rarar inci 4 zuwa 6, don bakunan za su tsage a yanke su daga baya. Ina ɗora shi a kan ƙananan itatuwa biyu, in danne da weji kada ya mirgina, in zana murabba'i a ƙaramin bakin da sukwaya, in maimaita a babban, sannan in buga layi da zaren da aka tsoma a ruwan gawayi. Yankan farko shi ne komai. Ba na nutsa harshe gaba ɗaya. Ina fara bin layin da zurfin inci ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, in dawo in ƙara zurfi, ramin farko ya zama jagora. Ana yin wannan da kusan bakin harshe, inda inji ya fi harbi, don haka ina tsayawa a gefen layi, hannu biyu a riƙe, da takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau da abin toshe kunne. Yayin da yanka ke nisa sai mataimaki ya riƙa cusa weji a baya don itacen kada ya matse harshe.

Lissafin nan ya kamata kowa ya sani. Gungume mai faɗin inci 24 yana ba da murabba'i na kusan inci 17. Sarƙa na cin wajen inci 3/8 a kowane yanka. Falankin da ake so ya tsaya inci ɗaya bayan bushewa da guga sai an yanke shi inci ɗaya da kwata, ke nan falanki goma za a samu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na itacen ya tafi a dusa. Saboda haka na fi fitar da masu kauri, inci 2 ko 3, in kai wa masu injin tsaga mai siririn zarto a gari. Sai dai a shirya wa ɗauka, don ɗanyen maɗaci mai inci 2 da 12 da tsawon ƙafa 12 ya haura kilo 50. Tsakiyar zuciyar itacen kuma ina ware ta a cikin katako mai inci 3 da 4 na aikin rufi, domin duk falankin da ta ratsa sai ya tsage.

A ranar da aka yanka nake shafa wa bakunan fentin mai. Ina jera falankan a inuwa, ƙafa ɗaya da rabi sama da ƙasa saboda gara da danshi, da busassun sanduna masu kaurin inci ɗaya a tsakani, kowace ƙafa biyu, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. Sama a rufe da kwano a danne da bulo. Jingina katako a bango cikin rana ne ke lanƙwasa shi. A hunturu ina kare ɓangaren da iska ke bugowa da zana a makonnin farko, don fatar katako na bushewa ta tsage alhali cikinsa jiƙe yake. Mai inci ɗaya kan bushe a wata biyu zuwa uku na rani, mai inci biyu ya wuce wata shida, melaina kuma ta fi maɗaci jinkiri duk da rashin nauyinta. Ina gane ya bushe ne da sikeli: in ware falanki ɗaya in riƙa auna shi duk mako, har nauyinsa ya daina raguwa.

A kan benci kowane itace da halinsa. Zaren maɗaci a sarƙe yake, wani ya nufi gaba wani baya, don haka injin guga na ɓantare shi idan aka ɗebi da yawa. A ɗebi kaɗan-kaɗan da wuƙa mai kaifi, a ƙarasa da samfefa lamba 80, sai 120, sai 180. Kawo ba ya karɓar ƙusa sai an fara huda masa rami. Farin gefen da ke bin ɓawo ina yanke shi in zubar, shi ƙwari ke fara hudawa.

Busasshen katako ma bai daina motsi ba. Falanki mai faɗin inci 12 na iya kumbura ko tsukewa da kusan kwatan inci tsakanin Agusta da Fabrairu, a faɗi, ba a tsawo ba. Don haka allon tsakiyar ƙofa ina zura shi a cikin kwarmin firam ba tare da gam ba, in bar masa rata a gefe biyu, gam ya tsaya a mahaɗar firam kawai. Fuskar tebur kuma ina ɗaure ta daga ƙasa da sukurori a ramuka masu ɗan tsawo, in shafa fenti sama da ƙasa daidai, don idan fuska ɗaya kaɗai aka rufe, ɗayar za ta sha danshin damina ta lanƙwasa teburin.