Kafin ka shafa shuɗin fenti a ɗaki

Shuɗin da ka gani a ɗan katin shagon fenti, ko a hoton wani falo a waya, ba shi ne zai fito a bangonka ba. Katin bai kai tafin hannu ba, kuma farar takarda ce ta kewaye shi. Idan launin ya bazu a bango huɗu sai kowane bango ya riƙa haska ɗan'uwansa, shuɗin ya ƙara kauri. Shi ya sa wanda ya zaɓi kalar sararin samaniya a kati yakan wayi gari da ɗaki mai kaifin launi har yana ɗaukar ido. Ƙa'idar masu sana'a ita ce, in wani shuɗi ya burge ka a kati, ka ɗauki wanda ya fi shi haske da mataki ɗaya ko biyu, kuma wanda ke da ɗan ruwan toka a cikinsa. A kati zai yi maka kamar ya koɗe, a bango kuwa shi ne zai zauna daidai.

Kowane shuɗi yana da inda ya karkata. Wani ya karkata wajen kore, wani wajen shunayya, wani wajen toka. Ba a gane wannan sai an jera kati uku ko huɗu a kan farar takarda an dube su tare a hasken rana. Karkatar nan ita ce ke yanke hukunci tsakanin fenti da kayan ɗaki. Yawancin gidajenmu tayil ɗinsu ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, kujeru ruwan ƙasa, labule mai ratsin ruwan zinariya. Irin waɗannan kaya sun fi jituwa da shuɗi mai karkata wajen kore ko toka. Mai karkata wajen shunayya yana sa tayil ruwan madara ya yi kamar ya yi datti, shi ya fi dacewa da farin tayil ko ruwan toka. Ango mai gyaran ɗakin amarya ya kula da wannan musamman: gado da kujeru da labule daga gidan iyayenta za su zo, kuma an riga an biya kuɗinsu. A aika a tambayi kalarsu tun kafin a sayi fenti, don canza bokiti ya fi canza kujeru sauƙi, kuma ranar jere ba ranar gyara ba ce.

Sai haske, wanda shi ne babban al'amari. Shawarar da ake yawan gani a intanet, cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa sanyi ne kullum don haka a guji shuɗi a cikinsa, ta mutanen Turai ce, inda rana ba ta taɓa hayewa arewa da tsakar rana. A Kano da garuruwan da ke layinta, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni kuma kudu. Abin lura a wurinmu shi ne gabas da yamma. Ɗakin da ke kallon gabas yana samun rana da hantsi, daga azahar kuma ya shiga inuwa, shuɗin ya ƙara duhu da sanyi. Mai kallon yamma yana shan ranar la'asar mai ja-ja, wadda ke kashe shuɗi mai haske ya koma toka-toka, balle da hunturu in hazo ya rufe sama. Ga kuma ɗakunan da katangar maƙwabci ta tsaya dab da tagarsu, ko waɗanda labule mai kauri ke rufe da su yini guda saboda zafi. Irin waɗannan ba sa ɗaukar shuɗi mai duhu ko kaɗan.

Da dare kuma ƙwan lantarki ne ke mulki. Duba kwalinsa: mai lamba 6500K farin haske ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa, kuma yana ƙara wa shuɗin bango kaifi har ɗaki ya yi sanyi ƙalau babu armashi. Mai lamba 2700K zuwa 3000K haskensa ruwan ɗorawa ne, yana tausasa shuɗi amma yana janyo shi wajen kore. Mai 4000K yana tsakiya, kuma a ganina shi ya fi yi wa shuɗi adalci. Kar a manta da fitilar caji ko ta sola, domin a gidaje da yawa da ita ake kwana, kuma haskenta fari ne mai rauni. Bango mai duhu yana shanye shi gaba ɗaya.

Saboda haka gwaji wajibi ne. A sayi ɗan kaɗan na kala biyu ko uku, a shafa kowanne a faɗin mita ɗaya da mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke fuskantar taga da kuma wanda tagar take jikinsa. In tsohon fentin ɗakin mai launi ne, a fara shafa fari a wurin, ko a yi gwajin a kan farin allo a riƙa zagayawa da shi, don tsohon launin yana rikita ido. A bari ya bushe sarai. Fentin ruwa mai kyau yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, mai araha wanda aka cika wa alli kuwa haske yake yi ya koɗe. A duba da hantsi, da la'asar, da dare a hasken ƙwai, da kuma lokacin da aka ɗauke wuta.

Ga ɗaki gaba ɗaya, shuɗi mai haske mai ruwan toka shi ne zaɓin da ba ya ba da kunya, da farin silin a sama. Shuɗi mai duhu irin na rinin shuni da ake yi a marinar Ƙofar Mata yana da kwarjini ƙwarai, amma a tsayar da shi a bango ɗaya, kamar bayan gado ko bayan talabijin. Dalilin ba na ado ba ne kawai. Ƙurar hunturu mai haske ce, tana kwanciya a bango mai duhu ta fito fili cikin 'yan kwanaki. Duk wani tudu da kwari na filasta yana bayyana. Sauro ma ya fi son lafewa a wuri mai duhu, kuma ba ka ganinsa balle ka kashe. Maganar da ake yi cewa shuɗi yana sanyaya ɗaki kuwa, ido ne kawai ke jin sanyin. Zafin ɗaki daga kwano da silin da taga yake shigowa, kalar bangon ciki ba ta rage shi.

Nau'in fentin yana tafiya da kalar. Wanda ba ya sheƙi yana ɓoye aibin bango, amma in mai duhu ne, duk inda aka goga tsumma ko kafaɗa ta gogi wurin sai ya bar tabo mai ƙyalli wanda ba ya fita. Fentin satin, wato mai ɗan sheƙi, yana wankuwa da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya dace da falo, da baranda, da ɗakin yara, da duk bango mai duhu. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai an yi sikiridin mai kyau, wato shafen da ke cike ramukan filasta, an goge da sanfefa ya yi sumul, don sheƙinsa yana tona asirin aikin magini. Fentin mai kuwa a bar shi ga ƙofofi da ƙarafan taga.

Abin da ya fi lalata shuɗin fenti shi ne gaggawa da danshi. Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla mako huɗu kafin a shafa mata komai, da damina ma fiye da haka. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke cin wasu sinadaran launi su yi dabbare-dabbare, yana kuma narkar da fentin mai ya yi danƙo ya saɓule. Bayan filastar ta bushe a fara da firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, mai jure kaifin siminti. Idan ƙasan bango yana fitar da farin gishiri, ruwa ne ke hawowa daga tushen gini ko ke ratsowa daga banɗaki, kuma a kan shuɗi farin nan ya fi muni. Rufe shi da fenti ɓarnar kuɗi ce. A nemo inda ruwan ke fitowa a toshe, a kankare gishirin da busasshen burushi, a bar bangon ya sha iska, sannan a yi fenti.

Lissafin yawa ba shi da wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane ɓangare, mai tsayin mita 3, bangonsa murabba'in mita 43 ne. In an cire ƙofa da taga saura kusan 39. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, don haka shafi biyu zai ci lita 8 zuwa 10, rabin bokiti mai lita 20 ke nan. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Shuɗi mai duhu yakan nemi shafi uku, kuma bango ɗaya na irin wannan ɗaki zai cinye galan mai lita 4. In aka sa firaima ruwan toka a ƙarƙashinsa maimakon fari, ya fi saurin rufewa.

Wajen haɗa kala akwai hanya biyu. Cibiyoyin kamfanoni irin su Dulux da Berger suna haɗawa da na'ura bisa lamba, ko bayan shekara ka koma da lambar za a ba ka irinsa. Haɗin hannu, inda mai fenti ke ɗiga kala a farin bokiti yana juyawa, ya fi araha amma ba ya maimaituwa. In shi za a yi, a haɗa duk abin da ɗakin zai ci lokaci guda a babban mazubi ɗaya, a juya har ƙasa, a tace. Kuma kar a nemi shuɗi mai duhu daga farin bokiti: farin da ke ciki ba zai bari ya yi duhu ba, kalar da aka tula kuma tana raunana fentin ya riƙa gogewa a jikin tufafi. Ruwa ma a tsaya a iya abin da aka rubuta a jikin bokiti. Mai fentin da ya tsinka shi don ya auka, shi ke barin bango da zane-zane.

Ranar aiki a kashe fanka, a rufe tagar da iska ke bugowa, musamman da hunturu, lokacin da fenti ke bushewa tun rola ba ta dawo ba, sai layin haɗi ya fito. A gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa, a bar awa biyu zuwa huɗu tsakanin shafi da shafi. Fentin satin kar a wanke shi sai ya yi mako biyu zuwa uku ya ƙanƙame. A ajiye lita ɗaya a roba mai murfi a inuwa, a rubuta lambar kalar da sunan ɗakin a jikinta. Ƙaramin tabo a shuɗi mai haske yana gyaruwa da ɗan burushi, amma a mai duhu facin yakan fito, gara a sake shafe bangon gaba ɗayansa.