Sati na 9 da kyamara: fitila ɗaya, fuska huɗu

Salam 'yan uwa masu koyo. Wannan satin ban fita titi ɗaukar hoto ba kamar yadda na saba, a ɗaki na ƙule kwana uku, kuma duk Mick Rock ne ya jawo. Ga wanda bai san shi ba, Bature ne ɗan Landan da ya yi suna wajen ɗaukar mawaƙan rock a shekarun 1970, shi ne mai hoton David Bowie a 1972 da 1973, ya mutu a New York ranar 18 ga Nuwamba 2021 yana da shekara 72. Ni gaskiya ba mai jin kiɗan rock ba ne, amma tun ranar da na ga hoton da ya ɗauka na bangon Queen II, faifan ƙungiyar mawaƙan Queen na 1974, hoton ya ƙi fita daga raina.

Ku nemo shi ku duba dan Allah. Duhu ne baƙi ƙirin, sai fuskoki huɗu kawai kamar suna leƙowa daga rijiya, ɗaya a sama, biyu a gefe, babban mawaƙinsu Freddie Mercury a ƙasa ya ɗaga haɓa ya harɗe hannuwa a ƙirji. Rock ya samo dabarar ne daga wani tsohon hoton 'yar fim Marlene Dietrich na fim ɗin Shanghai Express na 1932, kuma wannan tsayuwar ce Queen suka sake yi a bidiyon waƙarsu Bohemian Rhapsody a 1975. Nace bari in gwada da abin da nake da shi.

Na siyo baƙin yadi huɗu na rataya a igiyar shanya, na jera ƙannena biyu da abokina da wani yaron maƙwabtanmu, ƙanwata ta hau kujera da fitilar caji a hannu ta saita ta kan kawunansu, muka kashe ƙwai muka toshe taga da bargo. Na farko da ya fito wallahi sai da raina ya ɓaci, idanun duk sun koma ramuka, goshi da ƙarshen hanci kawai ke ƙyalli, ga yadin can baya ya fito toka-toka har ana ganin inda ya yamutse. Kuskurena biyu ne. Na sa fitilar daidai tsakiyar kai alhali ya kamata ta ɗan matso gaba wajen kyamara yadda hasken zai gangaro ya taɓa ido da kunci, sannan na manna su da yadin, da na janye su taku uku gaba sai bayan ya koma duhu sosai da kansa.

Wani abin kuma da bidiyoyin koyarwa ba su cika faɗa ba, fatarmu ba ta karɓar haske irin na Turawan nan, gefen fuska na saurin ɓacewa cikin duhu, in kuma akwai maiƙo ko gumi sai goshi ya yi fari fat. Sai da kowa ya goge fuska da tawul, na ɗora farin kwali a cinyar na ƙasa don ya mayar da ɗan haske ƙarƙashin haɓa. A saitin kyamara, ISO 1600 (ƙarfin karɓar haske), f/4 (buɗewar idon kyamara), 1/60 na daƙiƙa (saurin ɗauka) na tsaya. Hoto 63 na ɗauka, biyu ne suka yi min, hannun ƙanwata kuwa har yau tana mita.

Cikin sauran akwai wani da ƙanena ya motsa, fuskar ta ɗan watse, hasken ya yi yawa, har na kai yatsa zan goge sai na tuna bangon faifan Transformer na mawaƙi Lou Reed. A watan Yulin 1972 Rock ya ɗauki wannan hoton a wani wasa a King's Cross da ke Landan, washegari a wuri ɗaya ya ɗauki hoton mawaƙi Iggy Pop wanda ya zama bangon faifan Raw Power, dare biyu faifai biyu! Na Reed ɗin a wajen wanki ya samu matsala, fuskar ta fito fari tas da baƙaƙen idanu kamar fatalwa, shi kuma maimakon ya yar sai ya nuna wa Reed, suka ce shi ne. Da aka zo yin babba na bango sai da ya yi ta maimaitawa kafin ya sake samun wannan kuskuren.

To ban goge nawa ba, na mayar da shi baƙi da fari a kwamfuta, yanzu haka shi nafi kallo fiye da biyun da suka fito tsaf. Sati mai zuwa zan sake zama da mutum ɗaya kawai, inaso in gane taku nawa fitilar za ta matso kafin inuwar hanci ta taɓa leɓe. Wanda yake da sandar fitila da ba ya amfani da ita ya ara min zuwa Asabar.