Zakin Katun a Kan Dandamali: Me Masoya Ke Zuwa Kallo?

Duk wanda ya yanki tikitin The Lion King, wasan da aka ɗauko daga fim ɗin katun na Disney, a gidan wasa na Lyceum da ke Landan, ko na Minskoff a New York, ya san labarin tun kafin ya zauna. Ya san Mufasa zai mutu, ya san Simba zai dawo ya karɓi gadon ubansa, waƙoƙin ma ya haddace su. Amma wasan nan yana gudana a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, tun Nuwamban 1997, a Landan kuma tun Oktoban 1999, sau takwas kowane mako, ga masu komawa su sake kallo ba iyaka. To me suke zuwa gani? A ganina, dabara suke zuwa kallo: yadda mutum mai nauyi, mai gajiya, mai ƙafa biyu zai yi ya cim ma abin da mai zane ya yi da alƙalami cikin sauƙi. Wasannin da suka gane haka sun daɗe. Waɗanda suka zaci kwafe fim ɗin kawai ya wadatar, akasarinsu ba su kai labari ba.

Irin wasan da nake magana a kai wasan dabe ne wanda waƙa ke ɗauke da labarinsa. Makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali, 'yan wasa na rerawa da bakinsu a take. Mai kallon finafinan Hausa da na Indiya ya saba da waƙa a tsakiyar labari, sai dai a can sau da yawa labarin yakan dakata har a gama rawa. A nan kuwa in ka cire waƙa ɗaya, labarin ya yi giɓi, don a cikinta ne jarumi yake yanke shawara ko ya sauya ra'ayi. Kamfanin Disney ya fara mayar da finafinansa na katun irin wannan wasa a Broadway a Afrilun 1994 da Beauty and the Beast, wanda ya shekara 13 a Broadway, aka yi shi sau 5,461.

Matsalar farko ta lokaci ce. Fim ɗin The Lion King na 1994 minti 88 ne, waƙoƙinsa biyar. Wasan dandamali kuwa awa biyu da rabi ne har da hutun rabin lokaci. Ke nan akwai kusan awa guda da za a cike, kuma a nan ne ake gane gwanaye. Wurare uku ake ɗebo kayan cikon. Akwai waƙoƙin da aka rubuta wa fim tun asali amma aka yanke su, kamar "Human Again" a Beauty and the Beast da "Proud of Your Boy" a Aladdin, duka biyun baitocin Howard Ashman ne, wanda ya rasu a 1991. Masoya na ƙwarai suna ji da irin waɗannan sosai, domin kamar tsintar kayan gado ne da aka ɗauka sun salwanta. Akwai kuma kiɗan da ke bayan fim: "He Lives in You" da "Shadowland" da "Endless Night" duk sun samo asali ne daga kundin Rhythm of the Pride Lands na 1995, wanda mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M ya yi aiki a kansa. Na uku shi ne sabuwar waƙa gaba ɗaya, kuma dalilinta ya fi muhimmanci. A fim, kamara tana matsowa dab da fuskar dodon nan na Beauty and the Beast, ka ga nadama a idonsa cikin daƙiƙa uku. Wanda ke zaune a layi na talatin ba zai ga ido ba. Dole nadamar ta zama murya, shi ya sa aka ba shi "If I Can't Love Her" ya rufe kashin farko da ita, alhali a fim ba shi da waƙar kansa ko ɗaya.

Wurin da aka ajiye waƙa ma lissafi ne. A fim ɗin Frozen, "Let It Go" tana zuwa ne bayan kimanin rabin awa. Da aka kai shi Broadway a 2018 sai aka jinkirta ta zuwa ƙarshen kashin farko, saboda ita mutane suka biya kuɗi su ji, kuma bayanta babu abin da zai iya biyo baya sai hutu. Dab da ƙarshenta ake fizge rigar sama ta Elsa, mai rera waƙar, cikin ƙiftawar ido, mai ƙyalli ta bayyana a ƙasa. Kowa ya san za a yi, amma ihu ake yi duk dare.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗi. Lokacin da aka ba darakta Julie Taymor aikin The Lion King, hanya mafi sauƙi ita ce a saka mutane cikin rigunan dabbobi masu gashi, irin na wuraren wasan yara. Ta ƙi. Ta yi shekaru a Indunisiya tana nazarin wasan inuwa da na fuskokin sassaƙa, ta kuma san salon bunraku na Japan inda masu sarrafa 'yar tsana suke tsaye a fili. Ita da Michael Curry, mai ƙera 'yan tsana, suka tsara abin ta yadda za ka ga dabba ka ga mutum a lokaci guda. Fuskar zaki ba ta rufe fuskar ɗan wasa, a saman kansa take zaune kamar rawani. Ta Mufasa da ta ƙaninsa Scar an ɗora su a kan wani hannu mai lanƙwasa, idan faɗa ya tashi ɗan wasan ya sunkuyo, sai fuskar zakin ta zubo gaba ta zama ita ke kallon abokin gaba. Ana ganinsu kamar itace aka sassaƙa, alhali da zaren kabon mara nauyi aka yi su, ta Mufasa kimanin giram 310 ce kacal. Ba don haka ba, wuyan mutum ba zai jure wasa takwas a mako ba.

Raƙumin dawa ya kai ƙafa 14 a tsaye, mutum ɗaya ne a ciki, da dogayen sanduna huɗu, biyu a ƙafa biyu a hannu, wuyan kuma yana ɗaure a kansa. Giwa mutum huɗu ke ɗauke da ita, kowa da ƙafa ɗaya, kuma ta tsakiyar 'yan kallo take ratsowa zuwa dandamali. A cikin abokan Simba, mai yin Timon yana riƙe da 'yar tsana mai kilo 7 a gabansa, mai yin Pumbaa yana saɓe da kusan kilo 20. Turmutsutsun garken da ya kashe Mufasa, wanda a fim kwamfuta ta zana shi, an yi shi ne hawa-hawa: can baya wani zane mai naɗewa ɗauke da hotunan ƙananan dabbobi, gabansa ganguna masu juyawa da aka kafa wa siffofin da suka fi girma, a gaba kuma 'yan rawa da manyan kawuna. Ido yana haɗa ukun ya ga garke yana gangarowa daga nesa.

Abin da ya fi taɓa ni a duk wasan shi ne mafi arha a ciki. Da za a nuna fari, ƙyallen siliki mai zagaye aka shimfiɗa a matsayin tafki, ana jan shi sannu a hankali ta wata kafa a tsakiyar dandamali har ya ɓace. Da zakanyu za su yi makoki, farin zare suke zarowa daga idanun fuskokinsu. Babu wanda bai ga yadda aka yi ba, kuma ganin ne ma yake sa abin ya shiga zuciya. Taymor ta kuma mayar da birin nan Rafiki mace, saboda labarin ba shi da babbar muryar mace, aka shigar da harsunan Zulu da Xhosa da Sotho da Swahili cikin amshi. A 1998 wasan ya ci Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, har guda shida, ita kuma ta zama mace ta farko da ta ci ta darakta a wasan waƙa. A 2007 aka kai shi Johannesburg.

To ina abin yake lalacewa? The Little Mermaid ya hau Broadway a Janairun 2008. Tambayar ita ce yadda za a nuna iyo a busasshiyar ƙasa. Aka saka wa 'yan wasa takalma masu taya a dunduniya, da wutsiya a bayansu. Mai kallo yana ganin ƙafa, yana ganin wutsiya, ya kasa haɗa su su zama halitta ɗaya, tunda labarin gaba ɗaya a kan yarinyar da ba ta da ƙafa ne. Aka rufe a Agustan 2009. Da Glenn Casale ya sake tsara shi a Holan a 2012, sai ya ɗaga 'yan wasan sama da igiyoyi, iska ta zama ruwa, kuma wannan tsarin ne ya yaɗu daga baya. Tarzan na 2006 nasa ciwon na gini ne: lilo da shawagi a sama suke, amma rufin benen gidan wasan yana tare wa na kujerun baya na ƙasa gani. Wata 14 kacal ya yi. Wasan nan dai da aka kai shi Hamburg a 2008, inda 'yan wasa ke shawagi a kan 'yan kallo, ya shekara biyar kafin ya wuce wasu biranen Jamus. Zaure yana iya kashe wasa ko ya raya shi.

Wata dabarar kuma ita ce a haƙura da abin da ba zai yiwu ba. A Aladdin na 2014 an cire birin nan Abu, aka maye gurbinsa da abokai uku mutane, Babkak da Omar da Kassim, aku Iago ma ya zama mutum. Aljanin da a fim yake rikiɗa kowace daƙiƙa, a dandamali mutum ne ɗaya da zai yi ta waƙa da rawa ba tsayawa, James Monroe Iglehart ya ci Tony da shi. Anastasia na 2017 ya fi ƙarfin hali: ya kori mugun boka Rasputin da jemagensa, ya kawo wani jami'in gwamnatin gurguzu ta Rasha mai suna Gleb. Masoya sukan yi gunaguni da farko, amma ni ina tare da masu cirewa. Dabbar da aka yi ta rabi-rabi ta fi wadda babu ita cutar da wasa. In kuwa za a yi, a biya farashinta: Sven, barewar ƙanƙara ta Frozen, ɗan wasa ne a duƙe kan sanduna huɗu, nauyinsa na kan hannuwa da yatsun ƙafa, aikin da wuyarsa ta sa mutum biyu ke karɓa-karɓa.

Masoyan nan ba 'yan zaman kallo kawai ba ne. The Hunchback of Notre Dame ya fara a Berlin a 1999, aka sake gina shi a Amurka a 2014 da 2015 da babbar tawagar 'yan amshi, ƙarshensa kuma mai ɗaci, Esmeralda tana mutuwa saɓanin fim. Bai taɓa hawa Broadway ba, amma kundin waƙoƙinsa na 2016 ya tara masa mabiyan da suka sa ƙananan gidajen wasa da makarantu suke ta yin sa. A 2020, lokacin kullen korona, masu amfani da TikTok suka ƙirƙiro wa fim ɗin Ratatouille waƙoƙi da rawa da zanen dandamali, kowa da nasa gutsuren. Ranar 1 ga Janairun 2021 ƙwararru suka haɗa shi aka nuna ta intanet, ya tara kimanin dala miliyan 2 don tallafa wa 'yan wasan da aikinsu ya tsaya. A Landan kuma, da kamfanin Royal Shakespeare ya kawo My Neighbour Totoro zauren Barbican a 2022, tikitin da aka sayar a rana ɗaya ya karya tarihin zauren, aka kuma ɓoye hoton ƙatuwar 'yar tsanar Totoro don kowa ya fara ganinta da idonsa. Ya ci Olivier, babbar kyautar wasannin Landan, har guda shida.

Ga wanda tafiya ta kai shi Landan ko New York, zaɓen kujera ya fi komai. A The Lion King nemi bakin hanya a ƙasa, nan dabbobi ke wucewa dab da kai, bene kuma ya fi nuna tsarin rawa da tafkin nan mai ƙafewa. Ka isa da wuri, don wanda ya makara ana tsayar da shi a waje har a gama waƙar buɗewa, ita ce kuwa mafi girma a wasan. Shekara 6 zuwa sama ake ba da shawarar kawo yara. Tikiti mai sauƙi yana samuwa ta ƙuri'ar da ake yi ta intanet, kuma tsakiyar mako ya fi Asabar arha. In ka ga takarda a cikin ɗan littafin shiri tana cewa ɗan ko-ta-kwana ne zai fito yau, kada ranka ya ɓaci, mutum ne da ya haddace matsayin tsaf, wasu masoyan ma takanas suke farautar irin ranakun nan.

Wanda ba zai je ba yana da kundin waƙoƙin yawancin wasannin a manhajojin sauraro, ya fi kyau a bi su a jere daga farko don a ji yadda labarin ke tafiya. An ɗauki bidiyon wasannin Shrek da The Prince of Egypt da Spirited Away a hukumance, na Frozen na Landan kuma ya hau Disney+ a 2025. Bidiyon da ake ɗauka a ɓoye da waya haramun ne a gidajen wasan, hasken wayar kuma haɗari ne ga wanda ke tafiya kan sanduna a cikin duhu. Makarantar da ke son yaranta su yi, kamfanin Music Theatre International yana ba da lasisin gajerun nau'o'i, mai alamar JR. na minti 60 da mai alamar KIDS na minti 30, tare da kiɗan da aka riga aka naɗa. Fuskokin dabbobin kuwa kwali da gam da fenti sun isa, a ɗora su a saman kai, a bar fuskar yaro a buɗe.