Tawada a Kan Gilashin Harvard

Daga Boston na hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, na sauka a dandalin Harvard. Sauran tafiyar da ƙafa na yi ta, na miƙe titin Garden har zuwa ɗan tudun da cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Harvard take. Sanyi ake zubawa mai ratsa ƙashi.

Ginin na jan bulo ne, ba abin da zai ja hankalinka daga waje. A ciki kuwa farantan gilashi ne fiye da 500,000, hotunan sararin sama da aka soma ɗauka tun shekarun 1880. Kowanne na cikin ambulan ɗinsa, an jera su a tsaye cikin kabad-kabad na ƙarfe. Da yawa daga tashar da cibiyar ta kafa a Arequipa ta ƙasar Peru aka yo jigilarsu, domin akwai taurarin kudu da ba a gani daga nan. A 1927 aka mayar da waccan tashar kusa da Bloemfontein a Afirka ta Kudu.

Mai kula da taskar ta zaro faranti ɗaya, ta ɗora kan tebur mai fitila a ƙasa, ta miƙo mini madubin ƙara girma. Sama fara ce tas, taurarin kuma baƙaƙe, kamar an watsa ƙwayar riɗi a faifai. Amma abin da ya tsayar da ni tawada ce: 'yan da'irori, kibiyoyi da lambobi, rubutun hannu siriri a bayan gilashin. Matan da aka ɗauka aikin lissafi ne suka yi shi, yawancinsu a kan santi 25, wato kwatan dala, a awa.

Henrietta Leavitt tana cikinsu. Takan gwada farantin wani dare da na wani, tana neman tauraron da haskensa ke ƙaruwa yana raguwa. A 1908 ta fitar da jerin irin waɗannan har 1,777. A 1912, da guda 25 kacal, ta nuna cewa wanda ya fi haske shi ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen ƙaruwa da raguwar haskensa. Da wannan ma'auni, wanda ke ba da damar gano nisan tauraro, masanin taurari Edwin Hubble ya tabbatar tarin taurarin da ake kira Andromeda yana can wajen rukunin taurarinmu. Annie Cannon kuwa taurari fiye da 225,000 ta rarraba aji-aji da idonta. Haƙurin matan nan ya wuce misali.

Abin da ya sosa mini rai shi ne, da aka zo kwafe farantan zuwa kwamfuta, sai da aka goge tawadar da yawa daga cikinsu don kada ta ruɗa na'ura. An ɗauki hotonta kafin a goge, kuma na fahimci dalilin masu binciken. Duk da haka hoto daban, abin da hannun mutum ya taɓa daban. A Janairun 2016 kuma bututun ruwa ya fashe, farantai kusan 61,000 suka jiƙe, aka daskarar da su don kada su yi fumfuna.

Littattafan aikin matan da na sauran masanan cibiyar, fiye da 2,500, su ma an adana su. An ɗora hotunan shafukan a intanet, 'yan sa kai suka yi ta kwafe rubutun layi-layi. Da na koma masauki a daren nan, shafukan Leavitt na buɗe, na yi ta bin lambobinta har aka kusa asuba.