Godiya bayan taron manoman albasa a Tawa

Salamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi taronmu na manoman albasa a nan Tawa ya ƙare lahiya, baƙinmu na Galmi da Madawa da Ƙonni kowa ya isa gida, shi ya sa na ce bari in yi godiya tun gajiya ba ta sa na mance da wani ba.

Godiya ta musamman ga ƙanenmu mai cyber na bakin kasuwa, ba zan kama sunansa ba don yaro ne mai kunya amma duk wanda ya zo ya gan shi. Malamin da ya zo koya mana ajiyar albasa a rudu, wato rumbun ajiyarta, ya shirya darasinsa kaf cikin PowerPoint, da hotunan albasar da ta ruɓe da wadda ta yi watanni garau, sai ga projektar da muka aro ta ƙi tashi, ordinatar malam kuma batirinta ya kusa mutuwa ga kuran an ɗauke. Abin da ya rage mana tele ce ɗaya da ke aiki da batirin sola, ita kuwa tele in ka sa mata kile USB hoto take karantawa da bidiyo, ba ruwanta da PowerPoint. Dattawa zaune bisa tabarmi suna jira, wasu tun asuba suka baro ƙauye.

Yaron nan ya ce a ba shi wuri. Ina tsaye kansa ya shiga Fichier, ya danna Exporter, ya zaɓi JPEG, injin ya tambaye shi shafi ɗaya ko duka, ya ce duka, nan take kowane shafi ya koma hoto nasa daban cikin jaka guda. Na ce shi kenan? Ya ce tukuna yaya, wasu teloli sunan hoto suke bi harafi harafi, sai ka ga lamba 10 ta riga lamba 2 fitowa darasi ya birkice, ya zauna ya gyara sunayen 01, 02, 03 har ƙarshe. Wallahi ni da ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya kuma gaya wa malam tun da wuri cewa duk rubutun da ke tsalle yana shigowa ɗaya bayan ɗaya zai tsaya cik, bidiyon da ke ciki ma sai an kwafe shi daban, malam ya ce ai dama tsallen ba shi ne darasin ba.

Abin da ya hi burge ni harufanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kun san yadda suke komawa akwati akwati in aka buɗe rubutu a wata na'ura da ba ta da irin harufan. Da ya zama hoto ba abin da ya motsa, ruɓa ta fito ruɓa. Ƙanena Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka kasuwa, ko kuɗin sanyi ka ƙi karɓa amma ba mu gama da kai ba.

Malam mun gode da haƙuri, ba kowa ne zai koyar da rimot a hannu ba. Iyayenmu mata da suka dama fura suka girka shinkafa, da Alhajin da ya ba mu tele da rumfa, da samarin da suka yi jigilar kujeru cikin ranar nan, Allah ya saka da alheri.

Waɗanda ba su samu zuwa ba hotunan suna gurup ɗinmu na WhatsApp, na PNG ne, wani irin hoto kamar JPEG, yaron ya sake yi don rubutu ya hi fita tas. In za ku tura ma wani ku tura a matsayin dokuma, in ba haka ba WhatsApp na matse hoto ƙananan lambobin su dushe.